Dutsen kawu ulmanait ne ko kwalli?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin jiyoloji ne, aji biyu. Kawuna yana harkar haƙar ma'adinai, kwanaki suka fito da wani dutse mai nauyi, toka-toka yana ƙyalli kamar azurfa, in ya fashe sai ya riƙa fita murabba'i murabba'i. Wani dillali ya gani ya ce wai ulmanait ne, dutsen nikel da ba a cika samu ba, a ba shi kuɗin mota da na gwaji ya je ya nemo mai saye. Na duba sai na ga wasu sun sa shi cikin dangin sulfosalt wasu kuma sun ce a'a. Don Allah mene ne shi, a ina ake samunsa, ta yaya kuma za mu gane ko shi ne?

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ka ce wa kawu ya riƙe kuɗinsa tukuna, kar ya ba kowa ko sisi sai an yi ɗan gwajin da zan faɗa maka, wanda da ƙusa da sikeli kawai za a yi shi a tsakar gida. Ban ga dutsen ba, amma yadda ka siffanta shi, nauyi, ƙyalli, fashewa murabba'i, zuciyata ta fi karkata ga galena, wato dutsen dalma, kwallin nan dai da iyayenmu mata ke niƙawa su sa a ido. Shi ne muke da shi jibge a ƙasar nan, tun daga Abakaliki har Zurak ta wajen Wase, duk tsawon kwarin Binuwai. Sai dai tambayarka mai kyau ce, don shi ulmanait ɗin ma haka yake fashewa, to bari mu bi shi a hankali.

A littafi za ka ga an rubuta shi ullmannite, alamarsa NiSbS, ma'ana atom ɗaya na nikel, ɗaya na antimoni, ɗaya na sulfa, farar wuta kenan. In ka ɗauko nauyin kowanne ka yi lissafi, kai ma za ka iya da kalkuleta, za ka samu nikel kusan kashi 27.6 cikin ɗari, antimoni 57.3, sulfa 15.1. Ka ga kenan ko sunan da ake masa na dutsen nikel ma da ɗan ƙari a ciki, fiye da rabin nauyinsa antimoni ne. Wani Bajamushe Julius Fröbel ne ya raɗa masa sunan a 1843 don girmama Johann Christoph Ullmann, malamin jami'ar Marburg da ya rayu daga 1771 zuwa 1821, wanda shi ya fara nazarin dutsen. Ramin da aka fara bayyana shi daga ciki shi ne Storch und Schöneberg da ke Gosenbach a yankin Siegerland na Jamus.

Launinsa tsakanin tokar baƙin ƙarfe ne da farin kuza, haske ba ya ratsa shi, yana ƙyalli irin na ƙarfe, in ka goga shi a bayan tayil inda ba a shafe ba sai ya bar zane baƙi-baƙi mai toka. Taurinsa a ma'aunin Mohs, wanda ake auna taurin ma'adinai da shi, 5 zuwa 5.5, wato dab da taurin wuƙa da gilashi. Nauyinsa ya ninka na ruwa kusan sau 6.7. Mayen ƙarfe ba ya jansa. Yana da gautsi, in ka buga sai ya tsage sumul ta fuska uku da suka haɗu a tsaye da juna, shi ya sa gutsattsarin ke fita kamar dunƙulen Maggi. In ya samu fili ya yi kiristal, yawanci kiyub ne, wani lokaci mai fuska takwas, wani lokaci irin mai fuska goma sha biyu ɗin nan da ka sani a fayirait, dutsen nan mai launin rawaya da ke kama da zinare, amma gaskiya mafi yawan abin da ake samu ba kiristal ba ne, 'yan dunƙule ne ko ƙwayoyi a cakuɗe cikin wasu ma'adinan, wani sa'in ma sai an goge dutsen an sa a madubin ƙara girma sannan a ga ɗigonsa fari tas.

Batun sulfosalt kuwa, duka ɓangarorin biyu da ka karanta suna da abin kamawa, amma ɗaya ya fi gaskiya. A sassauƙar ma'ana, sulfosalt shi ne ma'adinin da ya haɗa ƙarfe, da ɗaya daga cikin asanik ko antimoni ko bismut, da kuma sulfa. In da wannan za ka auna to ulmanait ya shiga, tunda ga nikel ga antimoni ga sulfa, shi ya sa za ka ga wasu kundaye da masu sayar da duwatsu suna kiransa haka. Amma masana tsarin kiristal ba jerin sinadarai kawai suke dubawa ba, suna duba yadda atom ɗin suka zauna. A sulfosalt na haƙiƙa, antimoni yana zama ne a kan sulfa uku, kamar tukunya a kan duwatsun murhu, yana aiki kamar shi ma ƙarfe ne. Haka yake a tetrahedrait da bonanait da jan dutsen azurfa Ag3SbS3. A ulmanait ba haka ba ne sam. Ka tuna tsarin fayirait, FeS2, inda sulfa suke tafiya bibbiyu riƙe da juna kamar tagwaye, ƙarfen yana tsakaninsu? To cire baƙin ƙarfen ka sa nikel, sannan a cikin kowane tagwayen sulfa ka cire ɗaya ka sa antimoni, ka samu ulmanait. Antimonin ya koma layin sulfa ne, bai hau kanta ba. Saboda haka a rabe-raben zamani yana cikin sulfaid, dangi ɗaya da kobaltait, CoAsS, da gasdofait, NiAsS. In ya fito maka a jarrabawa, rubuta haka ka kawo dalilin, babu malamin da zai hana ka maki. Wani abin sha'awa ma, tunda tagwayen yanzu ba iri ɗaya ba ne, ɗaya antimoni ɗaya sulfa, daidaiton kiristal ɗin ya ragu kan na fayirait, shi ya sa jefi-jefi ake samunsa da siffar dala mai fuska huɗu.

Dama shi nikel ba ɗan gidan sulfosalt ba ne. A cikin nau'i sama da 200 da aka sani a wannan dangi, dalma da jan ƙarfe da azurfa ne suka cika gidan. Na nikel da ake raɓawa da su 'yan kaɗan ne, irin su hauchecornite, Ni9BiSbS8, mai launin tagulla, da aka fara samu a ramin Friedrich kusa da Wissen, can dai yankin Siegerland, da parkerite mai nikel da bismut da aka fara samu a Insizwa ta Afirka ta Kudu. Waɗannan sun fi ulmanait wuyar samu nesa ba kusa ba, yawancin masu ilimin ma a hoto suka san su.

Yanzu me ya sa ba a cika samunsa ba, wannan shi ne inda nake so ka tsaya ka fahimta don zai yi maka amfani a sauran karatunka. Nikel shi ba wani abu ne mai wuya a ɓawon ƙasa ba, wajen giram 80 a kowane tan na dutse. Antimoni ne ɗan gata, wajen giram 0.2 kacal a tan. Amma ba ƙaranci kaɗai ba ne matsalar, halinsu ne bai zo ɗaya ba. Nikel ɗan zurfi ne, yana tare da baƙaƙen duwatsu masu yawan magniziyam da suka taso daga can ƙarƙashi da tsananin zafi, yana shigewa cikin koren ma'adinin nan olibin ko ya bi narkakken sulfaid ya daskare ya zama fentilandait, ma'adinin nikel da baƙin ƙarfe da sulfa, tun zafi yana sama. Shi kuwa antimoni ɗan yawo ne, ruwan zafi yake bi ta cikin tsagogin duwatsu, sai ruwan ya fara hucewa sannan ya zauna, shi ya sa kake ganinsa tare da zinare da azurfa da dalma a jijiyoyin kwaz, wato tsagogin da farin dutsen nan kwaz ya cike. To kafin su haɗu sai ruwan zafin nan mai ɗauke da antimoni ya ratsa ta dutsen da ke da nikel ya wanko shi, sannan su samu tsaga su zauna tare, kuma ko an yi hakan ma akwai kishiya, wato asanik, wanda ya ninka antimoni yawa kusan sau goma kuma nikel yana sonsa ƙwarai, da zarar yana wurin sai nikel ya bi shi a samu gasdofait ko wani ma'adinin nikel da asanik da ake kira nikelin. Ulmanait yana fitowa ne a inda antimoni ya rinjayi asanik a daidai lokacin da nikel yake wurin. Ka ga sharuɗɗan sun yi yawa. Kuma ko a hakan da wuya ka same shi tsantsa, asanik yakan ɗan maye gurbin antimoni, kobalt yakan maye gurbin nikel, in kobalt ɗin ya fi yawa sunan ma canzawa yake ya koma wiliyamait, wanda aka samo daga Broken Hill ta Ostareliya.

Siegerland ɗin da na ambata misali ne mai kyau. Jijiyoyin sidarait ne, wato kabonet na baƙin ƙarfe, suka keta tsoffin duwatsun zamanin Debon, mutane sun fi shekara 2000 suna haƙar ƙarfe a wurin kafin a rufe ramukan ƙarshe a 1965, shi Storch und Schöneberg ɗin zurfinsa ya zarce mita 1000. Ƙarfe suke nema, ulmanait ɗan rakiya ne da ake cin karo da shi nan da can cikin sidarait ɗin tare da calkofayirait da galena da sauransu. Mafi kyawun kiristal da duniya ta sani kuwa daga tsibirin Sadiniya na Italiya suka fito, yankin Sarrabus inda aka yi haƙar azurfa a ƙarni na 19, wajen Monte Narba da ramin Masaloni, 'yan kiyub masu ƙyalli a dashe cikin farin kalsait, kuma manyan cikinsu ma 'yan santimita ne, ba su wuce ka rufe a tafin hannu ba. Akwai shi a Lölling ta Ostiriya, da tsaunukan Harz a Jamus, har a Ingila an same shi a wata jijiya da ta ratsa ramin kwal na New Brancepeth a yankin Durham. Ka lura duk wuraren nan babu inda aka buɗe rami don shi. Azurfa ko ƙarfe ko dalma ko kwal ake nema, shi ya biyo baya.

Wannan ya kawo mu maganar kuɗi. Nikel ɗin da duniya ke amfani da shi, wanda kusan kashi biyu cikin uku ke tafiya wajen yin ƙarfen da ba ya tsatsa irin na cokula da tukwane, daga wuri biyu yake fitowa, fentilandait na irin su Sudbury a Kanada da Norilsk a Rasha, da kuma jar ƙasar latarait ta Indonesiya da Filifin da New Caledonia, Indonesiya kaɗai ma yanzu ta fi rabin abin da ake fitarwa. Antimoni kuma daga istibnait, dutsen antimoni da sulfa, ake samunsa, Sin ce kan gaba. Babu matatar da ke zaune tana jiran ulmanait, hasali ma masu narka nikel ba sa son antimoni da asanik a cikin kaya, rage farashi suke yi in sun yi yawa. Darajarsa tana wajen masu tara duwatsu da gidajen tarihi da masu bincike, su kuma kiristal mai kyau wanda bai ɓantare ba suke so, da takardar da ta nuna takamaiman ramin da ya fito. Buhun fasassun duwatsu ba shi ne abin da suke saye ba. Saboda haka ko da a ce dillalin nan ya yi gaskiya, maganar arziƙin dare ɗaya ba ta taso ba. Tun 2016 da aka sanar da samun nikel a wajen Dangoma a kudancin Kaduna kalmar ta shiga bakin dillalai, duk dutsen da ya yi ƙyalli sai a ce nikel ne, alhali na Dangoma ɗin ma 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe ne aka bayyana, ba su da alaƙa da wannan.

To ga gwajin. Ka samu ƙusa ko tsinin wuƙa ka karci fuskar dutsen. Galena taurinsa 2.5 ne kawai, ƙusa za ta shige shi kamar sabulu ta bar gari baƙi, ko wayar jan ƙarfe ta lantarki ma za ta karce shi, in ka murza a takarda zai bar alama. Ulmanait kuwa sai ka danna da ƙarfi wuƙa ta ɗan yi masa tabo da ƙyar, ko ma ta zame. Wannan kaɗai ya raba gardama tsakanin su biyun. Na taɓa zama da wani dattijo da ya ɗauko irin wannan dutse tun daga nesa a ƙulle cikin leda uku, an ce masa farin zinare ne, na ciro makullin babur na ja a kai sau ɗaya, garin ya zubo a kan tebur, ya dube shi ya dube ni ya lakata da yatsa ya ce, ashe kwalli na sha wahalar ɗaukowa. Mun yi dariya amma ni tausayi ya ba ni, don kuɗin motar da ya kashe ya fi kuɗin dutsen.

Na biyu nauyi. Ka ari ƙaramin sikelin masu sayen zinare, ka zaɓi gutsure mai tsabta wanda babu farin dutse manne da shi, ka auna. A ce ya ba ka giram 50. Sai ka ɗora kofin ruwa a sikelin ka mayar da shi sifili, ka ɗaure dutsen da zare ka zura shi ya nutse gaba ɗaya amma kar ya taɓa gindin kofin ko gefensa, ka karanta abin da ya nuna, ka raba 50 da wannan adadi. In galena ne za ka ga wajen 6.7 a sikelin, amsa ta fito 7.5. In ulmanait ne za ka ga wajen 7.5, amsa ta fito 6.7. In fayirait ne 10 za ka gani, amsa 5, shi dama launin rawaya ya tona shi tun farko.

In ya zamana dutsen yana da tauri, wuƙa ta kasa, to fa kar a yi saurin murna, don nan ne ido ya daina aiki. Asanofayirait, dutsen baƙin ƙarfe da asanik da sulfa, fari ne mai tauri, nauyinsa wajen 6, in ka buga shi da guduma za ka ji warin tafarnuwa, kuma shi ne ya fi yawa a wuraren zinare. Gasdofait da kobaltait su ma kiyub suke yi, su ma suna tsagewa haka, kobaltait dai yana da ɗan ja-ja a farinsa. Tsatsar da ke jikin dutsen takan taimaka, kore kamar ɗanyen ganye alamar nikel da asanik ce, mai launin ruwan hoda alamar kobalt, shi kuwa ulmanait in ya daɗe yana shan iska da ruwa wani lokaci yakan fitar da wasu 'yan ƙananan kiristal shuɗi-shuɗi masu haske da ake kira botinoyait, sunan ramin Bottino na Italiya. A lab ɗinku in akwai dimetilgilayoksim, sinadarin gwajin nikel, a narka ɗan garin a asid ɗin naitirik, a kashe kaifin asid ɗin da amoniya, a ɗiga, in akwai nikel za ka ga ja mai haske ya fito nan take. Amma wannan nikel kawai ya nuna maka, bai gaya maka wane ma'adini ba ne. Tabbaci sai an kai ga na'ura, na'urar XRF mai haska dutse da hasken X-ray ta ba ka sinadarai, 'yar'uwarta XRD ta ba ka tsarin kiristal. Hukumar binciken ƙasa ta Najeriya tana da ɗakin gwaje-gwaje a Kaduna, ko ka bi ta hannun malamanku na sashe. In ƙaramar XRF ta hannu za a yi amfani da ita ka sa ido, layin da na'urar ke nunawa na asanik da na dalma suna hawa kan juna a wajen 10.5 keV a ma'auninta, wanda bai ƙware ba sai ya karanta maka wannan a madadin wancan.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi, ko galena ne ko ulmanait ko asanofayirait, kar a daka shi a gida, kar a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, kar a ƙona don a ga abin da zai fito, hayaƙin antimoni da asanik guba ne. Ba mu manta 2010 ba, ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Har shi kwallin ma, da yake an saba fassara shi da antimoni a ƙamus, wanda ake sayarwa a kasuwanninmu galibi galena ne, dalma ce zalla da sulfa, ni kam ba na bari a sa wa jariri a gidana.

In kun karta ya yi tauri, nauyin kuma ya faɗo tsakanin 6.5 da 7, to ka ce wa kawu ya daina fasawa. Ya ware waɗanda ke da siffar kiyub a jikin uwar dutsensu, a naɗe kowanne daban a takarda don kar su gogi juna, ka rubuta ranar da ramin da zurfin da aka same su, ka ɗauki lambar GPS da wayarka, ka ɗau hoton bangon ramin inda jijiyar ta bi da irin dutsen da ke gefe da gefe, musamman in akwai wani baƙi-kore mai santsi kamar sabulu a kusa, don irinsa ne ke bayar da nikel. Gutsure ɗaya kamar girman goro ya isa a kai gwaji, sauran su zauna a hannunku. Ka turo min sakamakon ƙusar da adadin da sikeli ya nuna, ka gaida kawu.